Irin Kuɓewar Inna

Gwangwanin madara ne ƙarami, cike da toka, a cikin tokar kuma akwai irin kuɓewar Inna wanda bai fi cikin tafin hannu biyu ba. Da shi na sauka Kuala Lumpur, na cusa shi a tsakiyar akwati tsakanin ƙullin kuka da na daddawa. Inna ta rasu wata biyar kafin tafiyarmu, kuma tun ban gama haɗa kaya ba yayyena maza suka auna garkarta ta bayan gida suka fara jera bulo, wai shaguna za a yi. Na shiga madafinta na tsinko busassun kuɓewar da ta rataye a jikin azara, na ɓare su na zuba a toka yadda na ga tana yi. Na tambayi Yaya babba ko akwai wanda ya ajiye wani. Ta ce babu, kowa ya ɗauka wani ya ajiye.

Wanda bai san kuɓewar nan ba zai ce ina da neman magana. Gajera ce, mai ƙaiƙayi, da ɗan ja a wuya, guda biyar sun isa su ɗaure tukunyar gidan mutum goma. Inna ta ce daga ɗakin uwarta ta taho da ita, ni dai ban taɓa ganin irinta a kasuwa ba. Ta Malesiya kuwa doguwa ce santaleliya, kyau kamar a sa a hoto, amma ki kaɗa har hannunki ya gaji miyar tana nan tsululu.

Maigidana yana karatun digiri na uku, ni kuma ina gida. Tun lokacin nake kiransa Dakta, don in ya ji nauyin sunan ya yi sauri ya gama. Mun samu gida a ƙasan wani bene a Pantai Dalam, kuma bayan tagar madafi akwai ɗan fili tsakanin bango da kwata, taku shida a tsaye, biyu a kwance. Ranar da na fara ganinsa na ce a raina, nan ne.

Sai dai filin yana da maƙwabciya. Matar ƙofar kusa da mu 'yar ƙasa ce, za ta yi shekara hamsin, gajera, kullum cikin doguwar rigar zaman gida da takalmin roba. Nata ɓangaren babu wurin saka ƙafa: barkono, ciyawar shayi, ayaba, da wasu ganyayyaki a robobin fenti waɗanda ban san sunansu ba. Robobi biyu ma sun riga sun tsallako cikin nawa. Da ta ga ina kallonsu sai ta janye su tana murmushi. Ni kuwa mai yawan murmushi babu dalili, tun ina yarinya nake sa masa ido.

Watan Oktoba ya kama, jikina ya ce min kaka ta yi. A gidanmu aikin garka da kaka yake farawa. In an gama tsinke komai, Inna za ta sa mu tuge karan kuɓewa, a tara a ƙone, a barbaɗa tokar, a kawo takin awaki a juya ƙasa, sannan a bar ta tsirara ta sha rana har rani ya wuce. Iri kuwa ba ya fitowa daga toka sai ruwan shuka ya sauka. Haka na tashi na gani, kuma ban taɓa tunanin akwai ƙasar da wannan tsarin ba zai yi ba. Na sa Dakta ya samo min fartanya, ya dawo da wata mai doguwar ƙota wadda ake noma da ita a tsaye, da buhun kashin awaki a leda mai hoton fure a jiki. Na yi kwana uku ina sassabe. Na tara ciyawar a tsakiya na ƙyasta ashana.

Ciyawar ɗanya ce sharaf, wuta ta ƙi ci, sai hayaƙi ya turnuƙe ya bi bene yana shiga shanyar mutane. Ban ankara ba sai ga matar nan da bokiti, ta sheƙa wa wutata ruwa.

"Tak boleh, tak boleh! Cannot burn, lah!"

Na tsaya da ashana a hannu, raina ya gama ɓaci. Ba ni da Malay, Turancinta kuma bai fi cikin cokali ba. Ta nuna ƙasar da na share, ta yi alamar shuka da yatsa, tana tambaya me zan saka. Na girgiza kai. Na rasa yadda zan gaya mata ba yanzu ake shuka ba, sai kalmar ta fito min da Hausa. Na nuna filin na ce, "Kaka. Now kaka."

Fuskarta ta washe. Ta dafa ƙirjinta ta ce, "Ya, ya! Kaka!" Ta sake nuna filin, ta sake dafa ƙirji.

Na shige gida na rufe ƙofa. Da Dakta ya dawo daga makaranta ko jakarsa bai ajiye ba na tare shi. "Ka ga matar nan ko? Ko shuka ban yi ba, ta ce kakar tata ce."

Ya sa na maimaita yadda aka yi, sai ya zauna a hannun kujera yana dariya har da riƙe ciki. "Haba, uwargida. Kakak ta ce. It means yaya, babbar yaya. Cewa take ki ɗauke ta kamar yayarki. A ina za ta koyi Hausa har ta san kaka?"

"To me ya sa ta nuna filin?"

"Ke kika fara nunawa."

Maganarsa ta yi ma'ana, shi ya sa ta ƙara ba ni haushi. Na ce yayye nake da su har sun yi min yawa, kuma na ga abin da yayye suke yi wa garka.

Na juya ƙasata da taki, na daidaita ta, na bar ta tsirara. Bayan kwana biyu na leƙa ta taga na ga an lulluɓe ta da ganyen ayaba da ɓawon kwakwa. Na fita na kwashe na watsa a kwata. Washegari an mayar. Na sake kwashewa. Sai da muka yi haka sau huɗu, in mun haɗu a ƙofa ta yi min sallama da murmushin nan nata, in amsa a daƙile. A lissafina, wanda ya saba ajiye kayansa a wuri, wata rana cewa zai yi wurin nasa ne.

Sai kuma ƙwai ya shigo. Wata safiya na tarar da ɓawon ƙwai dakakke an zagaye filin da shi, layi ɗaya fari tas, tun daga bango har bakin kwata. Duk 'yar Arewar da ta buɗe ƙofa ta ga an zagaye mata wuri da ɓawon ƙwai ta san abin da zai fara zuwa mata a rai, kuma ba maganar noma ba ce. Ban taɓa shi da hannu ba. Na sa tsintsiya na share ina karanta Falaƙi da Nasi, tsintsiyar ma na jefar. Kwana biyu bayan haka na kama ta da idona tana zuba wani ruwa ja-ja mai ƙarni a gefen da ya haɗa filina da nata.

Dakta ya tambayo wani abokin karatunsa ɗan ƙasa. Ya dawo ya ce ɓawon ƙwan na dodon koɗi ne, ba sa son hawa kansa, ruwan kuma na wankin kifi ne, taki ne a wurinsu. "Everybody does it here. Mutumiyar kirki ce, wallahi."

"Dodon koɗi me zai ci a ƙasar da babu shuka?"

Ni dai na riƙe wannan hujjar tawa. Da na ba da labari a cikin matanmu ranar da muka je duba yadi a Jalan Masjid India, wata da ta fi mu daɗewa a garin ta riƙe haɓa ta ce in yi hankali, su ma nan suna da bokayensu. Ba ta taɓa ganin maƙwabciyata ba, amma maganarta na ɗauka na bar ta Dakta, don ita ta faɗi abin da nake son ji.

Ranar da nake jira ƙasa ta sha kuwa ba ta zo ba. Kullum da la'asar sama za ta haɗe, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Nuwamba ta wuce a haka, Disamba ta shiga. Ina kallo ƙasata baƙa da na juya da taki ta koma ja, ta koma tsakuwa, ta yi ƙananan kwaruruka. A daidai lokacin barkonon matar nan ya yi wani irin kore, ganye fato-fato, 'ya'ya har suna rinjayar reshe. Yau na san filina ya ɗan fi nata tudu, ruwa ne yake kwasar takina yana kai mata har gindin shuka. A lokacin kuwa na rantse kwasa take yi in na shiga wanka. Har na riƙa barin famfo yana zuba a banɗaki in lallaɓo taga in leƙa. Ban taɓa kama ta ba, sai na ce wayo ne ya yi mata yawa.

Wata rana aka wayi gari da rana mai kyau, na fito da gwangwanin na buɗe shi a bakin ƙofar baya don ya sha iska. Maƙwabciyata tana shanya ta hango. Ta matso, ta tsuguna, ta tambaya da ido. Ban san abin da ya kai ni ba, ina jin alfahari ne, na tona tokar na nuna mata ƙwayoyin. Na ce, "My mother." Na yi alamar barci da hannu, na nuna sama. Ta gane. Ta ce innalillahi a hankali.

Sannan ta sa yatsu biyu ta murza tokar, ta kai hanci. Murmushin ya ɗauke. Ta fara magana da sauri, tana nuna filin, tana nuna sama. "Plant now. Now, now. No wait." Na ce sai Mayu. Ta ƙirga watannin da yatsu ta zaro ido. Ta nuna cikin madafinta. "Fridge. Put fridge. No ash." Da ta ga ban motsa ba sai ta miƙo hannu biyu, ta dafa ƙirji, alamar in kawo ta ajiye min.

Na fizge gwangwanin har toka ta zube min a zane. To, ga inda aka dosa tun farko. An bi ta fili ba a samu ba, an bi ta ƙwai, yanzu an fito fili ana neman irin. Kuma wane mai hankali ne zai sa iri a firiji, kusa da kifi da ragowar miya? Inna ta yi shekara arba'in tana ajiye shi a toka bai taɓa ƙin fitowa ba. Na shiga ɗaki na naɗe gwangwanin a tsohon zane, na sa a leda, na tura shi can ƙuryar kabad ta ƙasa, jikin bango, inda ko Dakta ba ya kai hannu. Daga ranar na daina fito da shi.

Wata huɗu ina jira. Ta daina lulluɓe min ƙasa, ta daina zuba komai, sallama dai ba ta fasa ba. Wani lokacin in na fito sai in ga tana kallon filina da ciyawa ta fara mayewa, ta girgiza kai ta koma kan barkononta. Na fassara wannan ma yadda ya yi min daɗi.

A cikin Afrilu aka gayyace mu suna a Sri Petaling, na durƙusa gaban kabad ina neman takalmina na fita. Na jawo shi na gan shi fari fat da fumfuna, har cikin igiyoyin. Na shafa bangon ƙuryar na ji shi da sanyi, jiƙe. Ban san lokacin da na jawo ledar na yaye zanen ba. Murfin gwangwanin ya yi tsatsa, sai da wuƙa na ɓanɓare shi. Tokar ta dunƙule ta zama kamar kwanannen tuwo, ta shanye duk laimar ɗakin ta riƙe. A cikinta irin Inna ya yi gashi fari, wasu sun kumbura sun fashe, wasu in na matsa sai su narke a yatsa.

Ban je sunan ba. Na zauna a ƙasan madafi na wanke su ɗaya-ɗaya, na zuba a kwanon ruwa yadda Inna take gwada iri: na banza ya taso, mai rai ya nutse. Suka taso suka rufe saman ruwan. Na kwashe su da hannu ina kuka, kukan da ko ranar rasuwarta ban yi irinsa ba, don ranar akwai mutane. A gindin kwanon guda tara ne suka kwanta.

Dakta ya tsuguna kusa da ni ya leƙa gindin kwanon. Can ya ce, "Ki kai wa maƙwabciyarki. Ita ta san ƙasar nan, mu baƙi ne."

"In kai mata duka?"

"Duka."

Ban iya ba. Na ware biyar na riƙe, na ɗauki huɗu na ƙwanƙwasa ƙofarta, karo na farko tun zuwanmu. Ta buɗe, ta dubi tafin hannuna, ta dubi idona da ya kumbura. Ba ta ce ai na gaya miki ba, ko da yake ba ta da Turancin faɗa, amma fuska ma tana faɗa, kuma tata ba ta faɗa ba. Ta karɓa. Ni kuma na ɗaga mata yatsu huɗu, na sake ɗagawa, don ta san na ƙirga.

Nawa biyar ɗin na shuka su a ƙasa, rami biyar, yadda ake yi a gida. Ita ta jiƙa nata kwana guda, ta sa kowanne a kofin takarda da wata baƙar ƙasa mai laushi, ta jera su a kwandon waya ta rataye a ƙusa sama da ƙofarta ta baya. Na ce a raina kuɓewa dai ba tsuntsu ba ce.

Rana ta biyar uku daga cikin nawa suka fasa ƙasa. Na durƙusa a gabansu, ga ganye biyu-biyu masu faɗi, ga ɗan jan nan a kara tun suna jarirai. Na ɗauki hoto na tura wa Yaya, ta kira ni muka yi ta surutu muna dariya, har na yi mata alkawarin iri in mun dawo. Da na fito washegari bayan sallar asuba, kara uku na tarar a tsaye, gajeru kamar tsinken ashana, babu ganye ko ɗaya. Ƙasar duk ta yi layi-layi mai sheƙi, kuma a gindin bango ga wani dodon koɗi ƙato, ya kai dunƙulen hannuna, yana tafiyarsa a hankali. Sauran ramuka biyun na jira su mako guda, na tona, babu komai sai ruɓa.

Saura nata. Daga tagar madafina ina iya hango kwandon, kuma ina hango kore a kofi biyu. Biyu kawai. Kunya ce in faɗa, amma a wannan halin ma abin da zuciyata ta fara raya min shi ne, huɗu na ba ta. Ina sauran biyun? Ko sun fito ta shigar da su ciki? Na yi kwana uku ina leƙe, ina ƙirga kofuna, ina duba ko an canja wani.

Rana ta huɗu ta ƙwanƙwasa min ƙofar baya. Ta sauko da kwandon ta ajiye a tsakaninmu, ta tsuguna, ta fito da ƙaramin cokali daga aljihun riga. Ba tare da na tambaya ba ta ɗauki kofin farko da bai tsiro ba ta juye ƙasarsa a kan jarida, ta tona a hankali har ta samo ƙwayar, baƙa, ruɓaɓɓiya. Ta ɗora min a tafin hannu. Ta ɗauki na biyu ta yi haka. Sannan ta nuna biyun da ke hannuna, ta nuna biyun da suka tsiro, ta ɗaga yatsu huɗu.

Ashe ta sani. Tun yaushe, ban sani ba, wataƙila tun ranar tsintsiya. Duk leƙen da nake yi ta taga, da fizgar gwangwani, da amsa sallama a daƙile, tana gani tana ganewa, kuma ta ajiye min ruɓaɓɓen iri a kofi don ta san irin matar da za ta mayar wa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na nemi kalmar ba da haƙuri da yarenta na rasa, wata bakwai muna bango ɗaya ban koyi ko wannan ba.

Ta ɗauki kofuna biyun masu rai ta miƙo min. Sun yi ganye na uku, ƙaiƙayin ya fara fitowa. Na kai hannu, sai na tsaya. Na dubi filina, jar ƙasa da tsakuwa da sawun dodon koɗi. Na tura mata su a hankali, na ce da Hausa, "Riƙe, don Allah." Ta dube ni sosai, ta sake miƙowa, na sake turawa. Sai ta mayar da su kwando, ta taka kujera ta rataye a ƙusarta.

Da na koma ciki Dakta yana shan shayi zai fita. Ya ce, "Ina kuɓewar? Na ji kamar ta kawo."

"Tana wajenta."

Ya buɗe baki zai tsokane ni, ya ga fuskata, ya mayar da kofi bakinsa. Na tsaya a tagar madafi ina kallon kwandon yana ɗan lilo. Abin da ya rage na garkar Inna a duniya yana rataye a ƙofar matar da na yi wata da watanni ina neman tsari da ita, kuma ni da kaina na bar shi can, don na san a hannuna mutuwa zai yi.